Jan Tabo a Farin Wando

Sallau, tun ɗazu kake ƙorafi wai an ƙwace maka sabuwar mota a wurin aiki, an ba ka tsohuwa, an kuma haɗa ka da tsohon makanike mai yawan faɗa. To, sha shayinka ka ji wani misali. Wani malaminmu na lissafi ɗan Pakistan ne ya ba mu shi muna makaranta, Allah ya saka masa da alheri, har yau ina cin moriyarsa.

A ƙasarsu akwai wasan da suke mutuwar so, sunansa kurket. Ana kafa sanduna uku a ƙasa, mutum ya tsaya gabansu da faffaɗan katako yana tsaronsu, wani kuma ya taho a guje ya wurgo ƙwallo. In ta doki sandunan, mai katako ya fita. Ƙwallon ta jar fata ce, ga tauri kamar goruba, ɗinki ya raba ta gida biyu. To, an yi wani saurayi da Allah ya ba shi ƙarfin jifa. Tun a lungun unguwarsu ake gudun ƙwallonsa, har wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi. A al'adar wasan, gwani ake fara miƙa wa sabuwar ƙwallo, don ita ce mai tsalle da gudu, kuma kullum saurayin nan ake ba. Kai ya kumbura, gaisuwa ma sai ya ga dama. Ana nan sai ciwon baya ya kwantar da shi, ya daɗe yana jinya. Da ya dawo, ƙarfin jifan ya ragu, ba sosai ba, amma daidai yadda masu katako za su daina tsoronsa. Ranar wani wasa, kyaftin ɗin ƙungiyar ya ba wani sabuwar ƙwallo, ya ce wa saurayin ya jira sai ta tsufa. Ya kuma gaya masa ba ɓoye-ɓoye: in a wannan wasan bai fitar da kowa ba, ya tattara kayansa ya koma garinsu.

A ƙungiyar akwai wani ɗan wasa da ya manyanta, furfura ta fara leƙowa, shekararsa ta ƙarshe ke nan a fili. Bai taɓa yin suna ba. Baiwarsa ɗaya, tafin hannunsa ba ya gumi. Saboda haka duk jifan da aka yi, ƙwallon sai ta bi ta hannunsa kafin ta koma wa mai jifa. Sai ya lakato gumin goshinsa ya shafa a gefe ɗaya, ya goga a cinyar wandonsa har ya yi sheƙi. Ɗaya gefen kuwa ya bar wa ƙasa ta ci, ya yi kaushi, ya bushe ƙamas. Tun safe yake wannan aiki cikin rana. Da aka miƙa wa saurayin ƙwallon, yana cike da haushi, sai ya murje ta tsakanin tafukansa masu naso, kamar yadda ya saba tun a lungu. Nan take ya jiƙa busasshen gefen, aikin safiya ya lalace. Ya yi ta jifa, masu katako suna ta dukan ƙwallonsa kamar ana sussukar gero.

Da ni ne, da ya sha mari. Dattijon kuwa karɓa kawai ya yi, ya ce, "Ƙanena, da yatsu za ka riƙe ta, a kan ɗinkin. Sauran ka bar mini." Ya koma ya ci gaba da guga, rana ta busar da abin da aka jiƙa. Bayan la'asar aka sake kiran saurayin. Wannan karon da yatsu ya ɗauke ta, kamar ƙosai mai zafi. Ya taho a guje ya saki. Ƙwallon ta miƙe sak, sai da mai katako ya ɗaga hannu zai doka, ta karkace ta bi gefen nan mai sheƙi, ta tsige sanda. Haka tsohuwar ƙwallo take yi in ta sami mai kula da ita, sabuwa ba ta iya wannan kaucewa ta ƙurarren lokaci ba. Kafin rana ta faɗi ya fitar da mutum biyar.

Wanda ya fitar da biyar shi ake bar wa ƙwallon, ya ɗaga ta sama jama'a su yi masa tafi. Fili ya kaure da kiran sunansa. Zai ɗaga ke nan sai idonsa ya faɗa kan farin wandon dattijon. Cinyar ta rine jawur, yadin har ya fara mutuwa don guga, shi kuwa nasa wandon fari fat. Wallahi nan ne labarin yake taɓa mini zuciya. Yaron ya taka har inda yake, ya sa masa ƙwallon a hannu, ya kama hannun ya ɗaga sama, hawaye na bin fuskarsa. "Yaya, na gode. Ka rufa mini asiri."

Dattijon ya yi dariya ya ce, "Gefe ɗaya ƙasa ta yi, ɗaya ni na yi. Kai kuma ka iya jifa, a bar maka naka. Sakar mini hannu, kafaɗata ciwo take."

Jama'a suka ɗauki tafi, tafin da aka taɓa yi wa dattijon ke nan tun da ya fara wasa. Saurayin kuwa ya zauna a ƙungiya, ya daɗe yana jifa bayan ƙarfin ƙuruciya ya tafi, kuma bai ƙara raina ƙwallon da ta sha ƙasa ba.

Saboda haka, Sallau, gobe ka yi sammako ka gaida makaniken nan kafin ka taɓa sitiyari, ka kuma gode wa Allah da ya haɗa ka da shi. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce da tsohuwar zuma ake magani.