Majiyar Dakta Ashafa

Ranar da Alhaji Mailafiya ya sa hannu a takardar sayar da rumfarsa ta Ƙofar Wambai, ko gezau bai yi ba. Rumfar gado ce, tun zamanin mahaifinsa ake sayar da yadi a cikinta, amma shi ya riga ya yanke: yaƙi na tafe tsakanin manyan ƙasashe, kuma da zarar ya ɓarke kuɗin takarda zai koma tsumma, kirifto, kuɗin nan na intanet, shi ne zai tashi, don haka a can zai zuba kuɗin rumfar.

Ba a iska ya tsinci zancen ba. Mutum ne da ya shekara ashirin yana jan babbar mota ƙasa-ƙasa, ga rediyo ba ta rabuwa da kunnensa. Kullum bayan la'asar, a majalisar bakin masallacin unguwarsu a Gwale, shi ke raba wa duniya faɗa: wa zai harba, wa zai ja da baya, wa ke cika baki kawai. Ka musa masa ya wanke ka tas. Dole aka bar masa fili. Har Mustafa tela, sarkin gardama a da, ya koma zama daf da shi shiru, waya kife a gwiwa, sai gyaɗa kai.

Amma Mailafiya ba sakarai ba ne. Ya san hira daban, sayar da gado daban. Wanda ya ƙarfafa masa zuciya shi ne Dakta Ashafa, mai sharhin kasuwa a intanet, mai kwat da tabarau da taswirar duniya a bayansa. Kowace safiya Dakta zai saki bidiyo yana cewa majiyarsa mai tushe ta tabbatar masa da kaza, kuma kazan nan sak yake da abin da ke ran Mailafiya. Sati shida ana haka, in ban da kwana uku da Dakta ya yi tsit. Su ma Alhajin bai damu ba, yana kwance zazzaɓi na dukansa.

"Kin gani ko?" ya ce wa matarsa Uwa. "Mai digiri ne, yana da mutane a can sama, kuma bakinmu ɗaya. Mu biyu duk za mu yi kuskure?"

"Alhaji, da rumfar nan fa muke ci."

"Ke dai zuba ido."

Yaƙin ya zo kuwa. Sai dai kirifton bai tashi ba. Zubewa ya yi, yau ƙasa, gobe ƙasa da ƙasa, har abin da ya rage ba zai sayi ƙyauren rumfar ba. A majalisa Mailafiya bai fasa ɗaga murya ba. A gida kuwa tuwo ya daina wuce masa.

Da ƙyar ya gano ofishin Dakta: ɗaki guda a saman wani shagon magani wajen Ƙofar Ɗan Agundi. Taswirar a liƙe da salatif, kwat ɗin rataye a ƙusa, Daktan kansa a singileti, ido jawur.

"Ban zo faɗa ba," in ji Mailafiya, ko da yake muryarsa ta faɗa ce. "Majiyar nan taka nake nema. In riƙe ragowar ko in sayar? Daga bakinsa nake son ji. A wace ƙasa yake?"

"Baba, ni ma motata ta tafi a ciki. Wallahi ban taɓa ganinsa ba, wana, wani tela, shi ke naɗo min muryarsa a waya kullum da yamma. Dattijo ne da ya ga duniya, in yana magana ka san ya sani. Ga na jiya, ji da kunnenka. Ya ce a riƙe."

Ya danna wayar. Ƙarar babura, tari guda, sai magana ta taso da zafi. Mailafiya ya dafa bango, yana sauraron kansa jiya bayan la'asar, yana rantse wa majalisa a kan abin da ya zo nan tambaya.