Madara Ba Ta Wanke Huhu

A layin masu gyaran mota babu wanda ya kai Mai Sifika iya haɗa akwatin sifika na bayan mota. Zai yanka katako daidai da but ɗin motar, ya shimfiɗa faiba a ciki, wato ƙyallen nan na zaren gilashi, ya shafe shi da gam har ya daskare kamar dutse. Kafin ya miƙa wa mai shi, sai ya saki kiɗa, ya kunna kyandir, ya bi duk inda katako ya haɗu. Idan wutar ta kaɗa, to iska na fita, aiki ya koma baya.

Akwati ya samu gata, amma ƙirjin mai yin sa ko oho. In ya hau gugar faiba da inji, farar ƙura ke turnuƙe shagon, ga warin gam, ga ƙofa a rufe don kada ƙurar titi ta ɓata masa aiki.

Da tari ya ƙi ƙarewa, matarsa ta sayo masa takunkumi.

"Baban yara, don Allah ka riƙa sakawa. Tarin nan ya hana ni sukuni."

"Takunkumi kuma, sai ka ce jaki mai cizo? Ke dai kawo min madara. Maigidana da ya koya min aikin nan ita yake sha, tana wanke ƙirji tas."

"Shi maigidan naka me ya kashe shi?"

"Kwana ne ya ƙare."

Takunkumin ya ƙare a rataye jikin ƙusa, ƙura ta rufe shi. Ranar da Mai Sifika ya sunkuya zai ɗaga wani akwati, numfashi ya ƙwace masa, maƙwabta suka kwashe shi sai asibiti.

Likita ya ji labarin madarar, ya daɗe yana duban hoton ƙirjin, sannan ya ce, "Malam, madara ciki take tafiya, ƙura kuwa huhu. Hanyarsu ma ba ɗaya ba ce. Abin da ya lalace ba zai dawo ba, sai dai mu lallaɓa saura. Ka yi sallama da shago."

Bayan an sallame shi, ya nace sai ya gwada akwatin ƙarshe kafin a ba mai shi. Matarsa ta raka shi. Ya saki kiɗa, ya bi ko'ina da kyandir, wutar ko gezau. Ya yi murmushi, ya kai kyandir ɗin bakinsa zai kashe. Ya hura, wutar ta ɗan kaɗa ta miƙe. Ya sake, tari ya sarƙe shi. Matar ce ta karɓa ta hure, tana share hawaye. Abin gwanin ban tausayi.

Jama'a, duk mai sana'ar ƙura ya rufe hanci da baki, ya buɗe ƙofa da taga. Akwati in ya lalace a sake wani, huhu kuwa ba a haɗa shi a shago.