Dikoda Mai Tsayar da Hoto

Ƙarfe biyu saura Hajiya Bilki ta dire tsohuwar dikodarta a kan teburin Malam Nasir, mai sayar da kayan dish a Faskari, ta ce ta gama da ita. Ta daina biyan wata. Ta kyauta take so, amma wadda ke ɗaukar shiri, ta kuma tsayar da hoto cak.

Malam Nasir ya jero mata kala uku yana ta zuba bayani: wannan tashoshin Larabawa, waccan wa'azi da fina-finai har sai mutum ya gaji. Ina! Ko kallonsu ba ta yi ba. Tambayarta ɗaya ce. Idan mutum ya gifta a allo kansa a sunkuye, za a iya tsayar da shi a ga fuskarsa?

Ya ce ta tsakiyar za ta yi, in an soka mata filashin ajiye hoto. Sannan ya tambayi dalili.

Da ƙyar ta faɗa. Wata takwas ke nan ba ta da labarin ɗanta Gide, ko yana raye ko ya mutu. Ɗazu wata 'yar garinsu Damari ta bugo mata waya. A labaran rana na wata tashar Hausa an nuna jami'an tsaro sun fasa wani sansanin masu garkuwa da mutane a dajin da ke tsakanin Sabuwa da Ƙanƙara, kuma ta hango wani kamar Gide, amma kafin ta ƙifta ido an wuce. Za a maimaita ƙarfe huɗu. Tashar kuwa ba ta cikin na biyan wata.

Jikin Malam Nasir ya yi sanyi. Shi ma bara da damina aka ɗauke yayansa Sanusi a gona a Mairuwa, har yau shiru. Nan take ya rufe shago, ya ɗaure dikoda da tsani a bayan babur.

Gidan yana can ƙarshen gari, ɗaki biyu na haya da ta koma bayan ta baro Damari. Ba maƙwabciya ko ɗaya a tsakar gida. Yana shiga ta tura ƙyaure ta sa sakata.

Aikin ba na minti biyar ba ne. Dish ɗin na biyan wata gabas yake kallo, dole a kwance shi a juya shi a nemo wani tauraron ɗan Adam. Ƙusoshin sun yi tsatsa. Yana kan kwano yana fama da sufana, hadari ya fara haɗowa ta wajen Funtua, baƙi ƙirin. Kowa ya san ruwa na sauka siginal ta tafi.

"Allah Ya tona asirin masu satar mutanen nan, Hajiya," ya faɗa daga sama, haƙora a cije.

Ita dai idonta na kan agogon bango. Uku da kwata.

Aka kira La'asar. Ya sauko ya yi salla a gurguje, ya sake hawa. Layin siginal a talabijin ja wur, ko motsi. Ya matsa kaɗan, ya ɗaga kaɗan. Layin ya haura arba'in. Iska ta kaɗo, ya koma sifiri. Hajiya Bilki na bakin taga tana faɗa masa lamba.

Huɗu saura biyar hoto ya fito tar.

Ya nuna mata jan maɓallin ɗauka. Ta yi godiya, ta ce ya tafi kada ruwa ya tare shi. Ya ce a'a. Ta sake cewa ya tafi, har tana buɗe masa ƙofa.

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Wa ya sani ko Yaya Sanusi na ciki?"

Ta mayar da ƙofar ta rufe. Ta zauna a bakin gado.

Labaran suka fara, ya danna jan maɓallin. Ga mutane sun fi ashirin a kan tabarmi ƙarƙashin bishiya, maza da mata, duk sun rame sun yi baƙi. Mai ɗaukar hoton kamar ana korarsa, fuu ya wuce su. Daidai nan ruwa ya ɓarke a kan kwano. Hoto ya yi ta tsinkewa, ya daure kamar minti guda, sannan allo ya yi baƙi.

Amma dikoda ta ɗauka. Malam Nasir ya durƙusa gaban talabijin, ya maido baya, ya shiga tsayarwa fuska bayan fuska. Kowace ya tsayar sai ya waiwayo ta, ita kuma ta ce, "Wuce." Har mutanen kan tabarmi suka ƙare. Babu Sanusi. Ya share ido da hannun riga, ya fara ba ta haƙuri, yana cewa wataƙila matar nan ba ta gani da kyau ba.

Ta miƙa hannu ta karɓi rimot ɗin. Ta tura hoton gaba, ta wuce tabarma, ta wuce motocin jami'ai, sannan ta danna. Ta ɗora tafin hannunta a kan allo, kuka ya ƙwace mata.

"Alhamdu lillahi. Yana da rai."

Malam Nasir ya matso ya duba. Saurayin da ke ƙarƙashin hannunta zaune yake a ƙasa da ankwa a hannu, an jera bindigogi a gabansa, ɗaya daga cikin mutum uku da aka kama suna gadin mutanen.