Ranar da Aka Ƙara wa Inna Memori

Tun da aka fara ajiye muryoyin waɗanda suka rasu a kwamfuta, ta Inna take kan tebur a ɗakinta. Shekara uku muna hira bayan la'asar. Ba ta san ta rasu ba, ni kuma ban faɗa mata ba. Bana ta fara mance sunana.

Na ɗora kwamfutar a kai zuwa shagon Malam Tanimu mai gyara.

Ya ce, "Memorin ce ta cika, Hajiya. In na ƙara, komai zai dawo mata. Ba a zaɓar abin da za ta tuna."

"Ni dai ta gane ni, Malam."

Ya kwance kusoshi huɗu, ya danna wani siririn abu kore har ya yi ƙas. Fankar kwamfutar ta tashi.

Inna ta ce, "Ladidi, ke ce?"

"Ni ce, Inna."

Malam Tanimu ya ajiye sukundireba a hankali.

Sai Inna ta ce, "Na tuna asibitin. Na tuna kin riƙe hannuna. Ladidi, wa ya yi mini wanka? Kuma me nake yi a nan har yanzu?"