Turken Don Nicanor

A shekara guda Doña Etelvina ta rasa miji da alfadari, ta samu kaso a gonar gahawa ta gidan mijin, can kan tsaunukan Huila.

A danginsu, in za a raba gona, ba a kiran mai awo. Babban gida ne ke tsayawa a gindin tudu ya nuna tsakiya da ido, a kafa turke gaban shaidu, magana ta ƙare. Babban kuwa Don Nicanor ne, yayan marigayi, wanda ko tsatsa ba ta cin kwabonsa.

Da haushi ya tashi ranar rabon. Tun faɗuwar da ya yi lokacin girbi gidansa ya lalace: matarsa na zuba masa ɗan abinci kamar na mage, ƙofa na dukan kafaɗarsa, jikoki na kallon gemunsa suna ƙunshe dariya. Amma idonsa garau, likita ma ya faɗa.

Etelvina ta iso da bakinta.

"Yaya, ɓangaren dama nake so, wajen hanya. Da alfadarin."

"Ni ma a haɗa miki da ni?"

"Kai wa zai ɗauka? Ko a gyara ba na so."

Suka ja har rana ta take. Ta saki alfadari. Ta saki dandamalin shanya gahawa. Ƙarshe ta saki ɓangaren daman ma, tana share ido da bakin mayafi.

"Allah na gani. Ba ni hagun, amma ka rantse turke ba ya tashi."

Ya rantse, har da sumbatar gicciyen wuyansa. Ya tsaya, ya ƙanƙance ido, yana kora mai turke.

"Matsa dama. Ƙara. Kai kurma ne? Ƙara! To, nan."

Shaidu suka sunkuyar da kai. Wani ya kama tari cikin hularsa. Nicanor ya ce a ransa kwarjini ne.

Ya manta Etelvina ce ta raka shi asibiti, ta tsare likita da tambaya har ya gaya mata: ciwon ya taɓa ɓarin dama na ƙwaƙwalwa, ido na gani, hankali ne ya daina leƙa hagu. Rabin gemu yake askewa, rabin faranti yake ci.

Da mata suka zo mata jajen asara, ta gyara zama.

"Arha na yi. Na ba da alfadari da hanya, na karɓi hagu: kashi uku cikin huɗu, har da rafin da ke ciki."