Takardar da Baban Auta Ya Yaga

Sau biyu Auta tana faɗuwa jarrabawar fita daga makarantar koyon jinya. In ta faɗi ta uku, kora ce. Abin haushin, yarinyar nan ta san karatunta kamar yunwar cikinta. Amma da ta rubuta layi ɗaya sai zuciyarta ta ce akwai kuskure, ta soke, ta sake rubutawa, ta sake sokewa. Ta san babu kuskuren, ta dai kasa wucewa.

Mahaifiyarta ta gaji da gani, ta kai ta asibiti. Likita ta zube mata katuna a tebur ta ce ta ware su bisa launi. Ta ware tsaf. Da aka ce ta koma warewa bisa siffa, sai hannunta ya yi ta komawa launi, har gumi ya karyo mata.

"Ciwon waswasi ne, ba daƙiƙanci ba," in ji likita. "Ƙwaƙwalwa ce ke shan wahalar sakin abu ta kama wani. Yakan bi jini, kodayake ba gado kaɗai ke kawo shi ba. Akwai mai irin halin nan a gida?"

Uwar ta riƙe baki. "Babanta mana! Mai walda ne. Ƙofa ɗaya sai ya auna ta sau goma, ya tafi, ya dawo ya sake aunawa."

Likita ta sa musu ranar fara magani, ta kuma rubuta wa makaranta takarda, a ɗage wa Auta jarrabawa sai ta samu sauƙi.

Da uban ya karanta takardar, sai ya hau sama. "Gado? Wato ni ne mai taɓin hankali ke nan? Ni da ake yabon aikina!"

"Haba Baban Auta, ba haka aka ce ba."

"Rufe min baki! Sangarta ce kawai. Ba mai kai sunan gidana makaranta a yi ta yamaɗiɗi da shi." Ya yayyaga takardar, ya hana komawa asibiti. Kai jama'a, girman kai bai yi ba!

Ranar jarrabawa Auta ta yi awa uku a kan tambaya biyu cikin goma. Tana ganin amsar sauran a kanta, tana kuka, tana sokewa. Shekaru uku na wahala suka tafi a banza, aka miƙo mata takardar kora.

Ba ta wuce gida ba, shagon uban ta nufa. Ta jira ya kashe injin, ta ajiye takardar a kan teburin aikinsa.

"Baba, ga wata. Ita ma ka yaga, mu ga ko za su mayar da ni." Ba ta sunkuyar da kai ba. "Na bi maganarka na rasa makarantata. Gobe zan koma wurin likita, da izininka ko babu. Ban zaɓi ciwon nan ba, kuma na daina jin kunyarsa."

Uban ya ɗauki takardar korar ya karanta.

Iyaye, ciwon da ke bin jini ba zagi ba ne ga zuri'a. Ku bar yaranku su nemi magani tun da wuri, domin ɓoyewa ba ta warkar da kowa.