Jirgin Ruwa a Ƙofar Marusa

Wani dare bayan sallar isha'i, mutanen Ƙofar Marusa suka ji wata ƙara da ba su taɓa jin irinta ba. Ba ta janareta ba ce, ba kuma ta injin markaɗe ba. Kai ka ce wani ƙaton kwaɗo ne ya faɗa randa yana kuka. Da aka bi sawunta sai ga ta a gidan Malam Sammani tela. Ya tsoma wutsiyar wani inji a cikin duro cike da ruwa yana gwadawa, sai murmushi yake. Ga ɗan jirgin ruwa shuɗi a gefen katanga, har akuya ta haye ciki ta kwanta.

Amininsa Nu'uman mai goro ya riƙe haɓa ya ce, "Malam, halan mafarkin ambaliya ka yi? Jirgi a Katsina, garin da ko kogi babu?"

"Kai dai ka iya tauna goro," in ji Malam Sammani. "Ran Asabar ka shirya, za ka ga duniya."

Tun yana saurayi ya taɓa zuwa Yawuri, ya ga jirgi yana tsaga ruwa kamar almakashi a kan shadda, abin ya zauna masa a rai. Da idonsa ya gaji da ramin allura, sai ya bar wa 'ya'yansa shago, ya sayi nasa.

Wanda ya sayar masa ya haɗa masa da rigunan kariya, masu ruwan goro da soso a ciki, waɗanda in mutum ya ɗaura ba ya nutsewa. Nu'uman yana fama da ciwon ƙugu. Ya ɗauki ɗaya, ya shimfiɗa a kan dakalin ƙofar gida, ya zauna ya lumshe ido. Ya ce, "Wannan ai ta fi katifa." Daga ranar, dattawan majalisa kowa ya kama tasa. Aka ɗora jirgi a kan a-kori-kura aka kai shi wani dam a bayan gari, riguna kuwa suka zauna a dakali.

Rakiya, matar Malam Sammani, ba ta yi shiru ba. Ta ce, "Malam, rigunan nan fa ba don zama aka yi su ba. Malam Nu'uman ko a kududdufi bai iya iyo ba."

Ya ce, "Rakiya, wanda kwanansa ya ƙare, riga ba ta tsare shi. Kuma ta yaya zan ta da dattawa in zare abu a ƙarƙashinsu?"

Damina ta yi albarka, dam ya cika ya batse. Duk Asabar su biyun suna kan ruwa. Malam Sammani yana riƙe da inji, Nu'uman yana gaba da hularsa a cinya don kada iska ta ɗauke. Suna tsallakar da manoma da ɗanyar masararsu, masunta suna jefo musu tarwaɗa. Wani lokaci su kashe inji a tsakiyar ruwa, su sha fura, su yi ta kallon balbelu suna komawa gida. Sun taɓa ganin maciji yana iyo da kansa a sama kamar mai neman hanya, suka yi mako suna ba da labarinsa. Nu'uman yakan ce, "Ashe haka gajimare yake in ka gan shi daga tsakiyar ruwa? Malam, ka sa na tsufa da daɗi."

Ana cikin haka damina ta zo ƙarshe. Wata Asabar da la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Suka juya za su fita, iska ta riga su. Igiyar ruwa ta bugi jirgin daga gefe, ta kifar da shi. Tsakaninsu da gaɓa bai fi jifa da dutse ba.

Malam Sammani ya dace da jarkar mai wadda ba kome a ciki, ya rungume ta har masunta suka iso. Yana ta kiran sunan amininsa, ba amsa. Sai washegari aka sami gawar Nu'uman a cikin ciyawar bakin ruwa. Wani tsohon masunci ya ce da akwai abin da zai riƙe shi a sama ko na ɗan lokaci ne, da sun cim masa.

Jama'a, kowa da ranarsa, wannan gaskiya ne. Amma dogara ga Allah ba ta hana ɗaukar mataki. Kayan kariya a jikin mutum suke aiki, ba a ƙofar gida ba. In za ku hau ruwa ku ɗaura rigar, ku kuma ɗaura wa wanda kuka ɗauka, ko da zai yi muku dariya.

Ranar sadakar uku aka shimfiɗa tabarmi a unguwa. Wani ya ga rigunan a kan dakali, ya kwaso su ya sa wa manya don su ji taushi. Malam Sammani yana zaune kansa a ƙasa. Maƙwabcinsa Alhaji Hussaini, wanda idonsa ya yi rauni, ya shafa abin da aka ba shi ya zauna a kai, ya ji igiyoyi da maɗauri.

Ya ce, "Wai ni kam, wannan matashin mai igiyoyi, asalinsa na mene ne?"